Kafin a Mayar da Zanen Kaka Tsumma

Idan damina ta ɗauke, iska ta fara bushewa, akwai aikin da tsofaffin matan Shetimari da ƙauyukan bakin kogin Komadugu, a yankin Diffa na Nijar, ba sa wasa da shi, wato shanya kayan akwati. Za a jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, a buɗe kwaɗo, a ɗaga murfi, ƙamshin turaren wuta da humra da kafur ya cika ɗaki. Daga nan sai a riƙa ciro kaya ɗaya bayan ɗaya. Ga atamfar da ninki ya yi wa farin layi saboda daɗewa, ga lafaya mai santsi da ta sha bukukuwa, ga kallabi mai furanni wanda gefensa ya fara zarewa, can ƙasa kuma ga zanin gado da mai akwatin ta yi wa ado da allura tun tana budurwa. Ana baza su a kan igiya a inuwa, jika tana miƙo wa kakarta. Ba a rasa yarinyar da za ta ɗaga wani zane da ya koɗe ta ce, “Kaka, wannan ai ya gama aiki, ki ba ni in riƙa goge kwanuka.” Amsar ma kusan ɗaya ce a kowane gida: “Ke 'yar nan, ajiye shi. Da shi aka kawo ni gidan nan.”

Yarinyar za ta ajiye, amma kowa ya san ƙarshen zancen. Zanen zai koma akwati ya ƙara shekara biyar ko goma ba wanda ya gan shi, asu ya ɗan ci, gara ta lasa, ran da tsohuwa ta kwanta dama a raba kaya, wanda ya koɗe ya faɗa hannun wadda ba ta san labarinsa ba. Daga goyo ya koma shimfiɗar jariri, daga nan ya zama gammo, ya ƙare a bakin murhu ana sauke tukunya da shi. Wannan hanyar ba laifi ba ce, tattali ne da iyaye suka koyar, kuma da ita ce zane ɗaya yake yi wa gida hidima har ya narke. Sai dai akwai matakin da ake tsallakewa tsakanin akwati da tsumma, kuma a yau tsallake shi asara ce babba. Tsohon zanen auduga mai kyau ya cancanci ya yi shekaru yana ƙawata ɗaki, a matsayin labule ko rigar matashi ko abin rufa gado ko adon bango, kafin a yanke masa hukuncin murhu.

A Turai da Amurka an daɗe da mayar da wannan abu sana'a. Ana bin kasuwannin tsofaffin kaya ana tsintar kallabin siliki da zannuwan tebur da na gado, a wanke, a goge, a sa wasu cikin gilashi a rataye kamar hoto, wasu a ɗinka matasan kujera da su. Kamfanin Hermès na Faransa ya fara buga kallabinsa mai kusurwa huɗu a 1937, kuma har gobe masu sha'awa suna neman tsofaffin bugu don su rataye a bango. Wanda ya fi kama da halin Komadugu shi ne labarin Gee's Bend, wani ƙauye na baƙaƙen fata a jihar Alabama, inda jikokin bayi suka riƙa harhaɗa tsofaffin wandunan aiki da guntayen riguna suna ɗinka barguna don sanyi. Talauci ne ya koya musu. A 2002 aka baje waɗannan barguna a gidan kayan fasaha na birnin Houston, daga baya aka kai su New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan kan sarki. A Bangal ma mata suna jera tsofaffin zannuwan sari su bi su da ɗinkin hannu, abin da suke kira kantha.

Mutumin Diffa ba ya bukatar ya je can neman izini. Ƙasar da Shetimari take a kanta ta san darajar tufa tun kafin Bature ya san hanyarta. Birnin Ngazargamu, fadar sarakunan Borno da Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, yana kusa da wannan kogi ne, ta ɓangaren Gaidam, kuma ya yi fiye da shekara 300 yana mulki kafin a ci shi da yaƙi a 1808. A Borno ta wancan zamani, ƙyallen saƙi na auduga da ake kira gabaga shi ne kuɗi. Da shi ake sayen hatsi, da shi ake ƙiyasta farashin kaya a kasuwa. Lokacin da Baturen nan mai yawon bincike Heinrich Barth ya isa Kukawa, fadar Borno ta lokacin, a 1851, ya tarar wuri bai daɗe da shigowa kasuwa ba. Jama'ar da ta taɓa ƙirga dukiyarta da ƙyalle ba abin mamaki ba ne in har yau mace tana auna rufin asirinta da yawan turamen da ke akwatinta. Rataye tufa don ado ma ba baƙon abu ba ne a Nijar. A yammacin ƙasar Zabarmawa suna da tera-tera, bargon saƙi na aure da ake ƙawata ɗakin amarya da shi, a ƙasar Hausa kuwa akwai luru, ga kuma gado mai rumfa da ake yi wa labule ko'ina, ga jeren kwanuka da tasoshi wanda shi kansa baje kolin dukiyar mace ne.

Abin da ya sa zancen ya zama na gaggawa shi ne, da yawan masaƙun da suka buga waɗancan zannuwa sun mutu. Kaduna ta taɓa zama garin masaƙa. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, United Nigerian Textiles ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga masaƙun Kano da na Legas. Atamfarsu tana bi ta Kantin Kwari ta gangaro Maiduguri, ta haye ta Damasak ko Gaidam ta shigo kasuwannin ƙasar Manga, wato yankin Diffa. Daga Yamai kuma Sonitextil, wadda daga baya ta koma Enitex, tana aiko da nata bugun. Masu hali suna sayen Holan ta kamfanin Vlisco, wanda yake aiki a garin Helmond tun 1846, ko Ingila ta ABC da ake bugawa a yankin Manchester. Shekarar da tattasai ya yi kuɗi, manomin bakin Komadugu yakan sayar da buhunansa ga fataken Najeriya ya shigo gida da turmi, kuma matan gari sukan tuna wace atamfa aka yi yayi a wace kaka. Yau Kaduna Textiles ta rufe tun 2002, United Nigerian Textiles ta dakatar da aiki a 2007, ABC ta kwashe aikinta ta kai Gana. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da arhar kayan Sin sun haɗu sun karya su. Vlisco tana nan, amma farashinta ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Ma'anar wannan a fili take. Zanen da aka buga a Kaduna shekara 40 da suka wuce, in ya ƙare a bakin murhu, ba za a sake samun irinsa ba. Abin da ya cika rumfunan kasuwar Diffa yanzu yawanci bugun Sin ne, wani auduga ce mai sauƙi, wani gaurayen roba ne da ke riƙe zafi, ya yi ƙyalli ranar farko ya tashi daga aiki bayan wanki kaɗan. Ba a zargin mai saye, aljihu ne yake zaɓa masa. Amma abin takaici ne a ga gida ya sayo labulen roba da kuɗi mai yawa, alhali a ƙarƙashin gado akwai audugar da ta fi shi kauri da kyan launi tana jiran asu.

Gane na ƙwarai ba wuya. Atamfar da aka buga da kakin zuma ko danƙo launinta ɗaya ne ciki da baya, kuma in aka duba da kyau za a ga 'yan tsage-tsage da ɗigo-ɗigon da rini ya bari, waɗanda ba sa maimaita kansu daidai. Bugun sama-sama kuwa bayansa a koɗe yake. A bakin zane galibi akwai rubutu, sunan kamfani da lambar zane, wani lokaci har da ƙasar da aka yi shi, don haka wanda zai yanka kada ya jefar da wannan gefe, shi ne takardar haihuwar zanen. Telolin da suka daɗe suna da wata dabara: a zare zare ɗaya a kusantar da shi ga ashana. Auduga tana ci da wuta ta bar toka mai laushi, warinta kamar na takarda. Roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta zama ɗan baƙin ƙwallo mai tauri.

Akwai wani dalili kuma da ya fi na masaƙa nauyi, wanda ya shafi wannan yanki shi kaɗai. A watan Nuwamba na 2014 Boko Haram ta auka wa Damasak, dubban mutane suka tsallaka Komadugu, wasu a kwale-kwale wasu da iyo, suka zube a Gagamari da Shetimari. A ƙarshen wannan shekara aka buɗe sansanin Sayam Forage. A watan Fabrairu na 2015 wutar ta iso Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da kifi na tsawon lokaci. Ƙauyukan bakin ruwa suka watse, mutane suka jeru a gefen kwaltar da ta taso daga Maine-Soroa ta wuce Diffa. A watan Afrilu na 2021 aka sake kai wa Damasak hari, aka sake gudu. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar gado ko jeren kwanuka. Mace takan fito da zanen jikinta, da wanda ta goya yaro, da wanda ta ƙunshe 'yan kaya ta ɗora a ka.

Duk wanda ya taɓa leƙa bukkokin zana da tamfol na gefen wannan hanya ya ga abin da matan suka yi da waɗannan zannuwa. An rataye ɗaya a ƙofa ya zama labule, don ɗaki ba ya zama ɗaki sai da sutura. An raba bukka biyu da wani, iyaye a nan, yara a can. An lulluɓe cikin zana da na uku don ya tare ƙurar hunturu, ya kuma rufe munin tamfol. Guntayen da suka rage an cusa su a buhu an yi matashi. Mujallun Turai suna kiran irin wannan ado, a nan kuwa mutunci ne ake gyarawa, mace tana cewa ko a gefen titi ne nan gidana ne. Ga iyalai da yawa, wannan zane shi kaɗai ne abin da ya rage daga gidan da aka ƙone. Ba hoto, ba takarda, ba ƙofa. In aka bar shi ya zama tsumma, yaron da aka haifa a sansani ba shi da abin da zai taɓa da hannu a ce masa wannan daga garinku ya fito.

To me ke hana mutane? Na farko kunya. A idon jama'a, tsohon zane a ƙofa alamar babu ce, kuma ba uwar da ke son ranar jere dangin ango su shigo su ce an yi wa 'yarta labule da kwance. Wannan tsoro na gaskiya ne, ba a kawar da shi da wa'azi. Aiki mai kyau ne kawai ke kawar da shi. Zanen da aka rataye haka nan a kan ƙusa biyu dabam yake da wanda tela ya yi wa shafi, ya kewaye shi da baki mai launi ɗaya, ya yi masa hanyar sanda. Na farko yana cewa ba mu da shi, na biyu yana cewa muna da abin da ba a sayarwa a kasuwa.

Sauran dalilan sun fi zurfi, kuma bai kamata a yi musu dariya ba. Zanen da mace ta ɗaura a jikinta sirrinta ne, ba a baje shi a zaure inda baƙi maza ke zama, don haka wurinsa ɗakin ciki ne, zaure kuwa a ba shi zanin gado ko na tebur ko turmin da ba a taɓa ɗinkawa ba. Akwai masu tsoron kada ƙyallen tufarsu ya faɗa hannun mai mugun nufi a yi musu sammu, shi ya sa zai fi kyau aikin ya tsaya cikin dangi, kowa da kayan gidansu, kuma a ce wa tela ya dawo da guntaye. Kayan mamaciya kuwa gado ne. Ba ya halatta 'ya ɗaya ta sa almakashi a zanen uwarta kafin a raba, ko kafin sauran magada su yafe. Akwai kuma atamfofin siyasa da na bukukuwa, masu ɗauke da fuskokin shugabanni, ko na ranar mata ta ƙasa ta 13 ga Mayu da ake tunawa da tattakin matan Yamai na 1991. Waɗannan tarihi ne a rubuce, sun cancanci ajiya, amma gidaje da yawa ba za su so hoton mutum a bangon ɗakin da ake salla ba, kuma suna da hujjarsu. Duk ƙyallen da ke da sunan Allah ko aya, ba a yin abin zama ko na takawa da shi.

Wajen yanka ne ra'ayinmu ya rabu da na masu yayin Turai, waɗanda sau da yawa almakashi ne farkon abin da suke ɗauka. Zanen da yake lafiyayye, ba huji ba yagewa, kada a yanka shi. A naɗe bakinsa na sama a yi masa hanyar sanda da ɗinkin da za a iya warwarewa, ya zama labule ko adon bango, ran da aka so a sauke shi ya koma zane. Kallabi ma haka, ana iya shimfiɗa shi a kan farin akoko a kama gefensa da ƙananan ɗinki, ba tare da an rage masa ko yatsa ɗaya ba. Almakashi na wanda ya riga ya mutu a tsakiya ne. Zanen ɗauri yakan fara lalacewa ne a mazauni da wajen ɗauri, gefunansa kuwa suna nan da ƙarfinsu, kuma daga zane ɗaya ana iya fitar da rigar matashi biyu ko uku. Guntayen da suka yi ƙanana sai a harhaɗa su a yi abin rufa gado, a sa masa tsohon zanin gado a ciki don kauri. Mai haɗawa ta lura kada ta gama tsohon ƙyalle da sabo fil a ɗinki ɗaya, domin sabon zai ja, tsohon ya yage a kan layin allura.

Rana ce babbar abokiyar gaba a Diffa. Labulen tagar da ke kallon gabas ko yamma, in ba shafi a bayansa, bazara ɗaya ta isa ta cinye launinsa, musamman ja da ruwan ɗorawa. Don haka shafin akoko ko alawayyo ya fuskanci rana, atamfa ta fuskanci ɗaki. Wanki da ruwan sanyi da sabulu mai sauƙi, ba a bugawa a kan dutse, ba a murɗawa da ƙarfi, shanya kuma a inuwa. A bangon laka kada a manna zane kai tsaye, a bar tazara ko a sa tabarma a tsakani, saboda gara ba ta sallama. Hayaƙin turaren wuta yana ba tufa ƙamshi, amma in kasko yana zama kullum a ƙarƙashin abin da aka rataye, zai yi masa baƙin tabo da ba ya fita.

Akwai abinci a cikin wannan aiki. Telolin Diffa da Shetimari kasuwarsu takan tashi ne gab da salla da lokacin bukukuwa, sauran watanni keke yana hutawa. Ƙungiyoyin agaji sun koya wa mata da 'yan mata da yawa ɗinki a sansanoni da unguwannin 'yan gudun hijira, wasu har an ba su keke, amma kusan duka riga da zane suke ɗinkawa, suna rububin ciniki ɗaya. Ɗinkin kayan ɗaki daga tsohon zane ba ya bukatar jarin sayen yadi, mai kaya ce ke zuwa da nata. Abin da ake bukata shi ne ido, da haƙuri, da sanin wane launi ke zama da wane. Telan da ya iya karɓar ƙunshin tsohuwa ya ce, “Hajiya, wannan kada mu taɓa shi, wancan ne za mu yanka,” ya fi wanda zai karɓa ya daddatsa duka, kuma shi ne za a riƙa nema. Haɗari ɗaya da ya kamata a sa wa ido shi ne dillalai. In har abin ya yi kasuwa, za a samu masu bin gida-gida suna musayar tsohuwar Holan da sabon turmin roba, kamar yadda aka kwashe tsofaffin tasoshi da kayan saƙi daga garuruwa da yawa. Macen da bukata ta sa ta sayar ba a ganin laifinta, amma ta san abin da ke hannunta kafin ta sallama.

Lokaci kuma ba ya jira. Komadugu da ke ba da tattasai shi ne ke cika ya shiga gidaje, kamar yadda ya yi a watan Oktoba na 2019 da kuma 2022, kuma akwatin ƙarfe da ke ƙasa shi ruwa ke fara samu. Zanen da ya kwana uku a jiƙe cikin akwati ya yi funfuna, launin wannan ya zuba a kan wancan, ba mai iya ceto shi. Wanda ke rataye a ƙofa ko a bango kuwa ana fizge shi a yafa a fita da shi. Matan da suka san sunan kowace atamfa, da shekarar da aka saye ta, da bikin da aka yi ankonta, su ma suna raguwa. Bana in an buɗe akwati ana shanya, jikar da ke miƙa kaya ta zauna ta tambayi kakarta labarin kowane zane, ta ware wanda za a bari yadda yake da wanda za a kai wa tela, tun kakar tana da bakin cewa wannan daga Damasak aka sayo shi, shekarar da aka haifi babanki.